Takalmin Malakai

Darcy Pengelly ya baro gonar tumakin ubansa ya zo jami'a a Brisbane ta Ostareliya da buri guda: ya buga wa ƙungiyar ƙwallon ragbi ta makaranta wasan ƙarshe na cin kofi. Sai aka haɗa shi ɗaki da Malakai, ɗan ƙasar Tonga, wanda in ya rungumi ƙwallo ya zura da gudu sai dai a bi shi da ido. Darcy kuwa kullum yana benci yana cizon yatsa.

A al'adar ƙungiyar, duk Asabar bayan wasa gwarzon ranar zai cire takalminsa, a cika shi da giya ya shanye, sannan kowa ya saya masa kofi guda. Malakai, wanda kusan kullum shi ne gwarzon, ba ya sha, ya yi wa mahaifiyarsa alkawari. Doka ta ba shi damar naɗa wakili, shi kuma don ƙauna ya naɗa abokin ɗakinsa.

Wai ƙauna! Darcy ya tsani takalmin nan, ƙato, sai warin gumi da laka. Amma lokacin ne kaɗai ake kiran sunansa, ana dukan tebur, 'yan mata na ɗaukar hoto. Sai ya ɗaga ya kwankwaɗe, ya bi da kofuna, yana hararar Malakai da ke gefe da lemonsa ana ta dafa masa kafaɗa. Hassada ce ke cinsa, ya kuma sani. Yakan ce a ransa, ko an fi shi a filin wasa, a nan dai babu mai kamo ƙafarsa.

Lahadi Malakai na coci, shi kuwa Darcy yana kwance yana amai. Ranar atisayen Litinin sai ya zo yana haki, wata rana ma ba a ganinsa. Tumbi ya fito.

Ana gab da wasan ƙarshe, wani ɗan wasa da Darcy ke jiran gurbinsa ya karye. Darcy ya wanke takalminsa fes, ya buga wa ubansa waya ya ce ya taho. Koci ya ja shi gefe, ya dubi cikinsa, ya ce ya riga ya ɗauko wani daga ƙaramar ƙungiya, ba zai sa wanda rabin fili ke gagararsa ba.

Suka ci kofi. Darcy na tsaye kusa da ubansa cikin kayan gida, sai ga Malakai ya ratso taro, ƙafa ɗaya ba takalmi, yana murmushi, ɗauke da takalmin cike da giya, kumfa na zuba a hannunsa.

"Ɗan'uwa, ga naka," in ji shi.

Tsohon ya dubi takalmin, ya dubi ɗansa.

"Wannan ne wasan da ka kira ni in gani?"