Jadawalin "Kar A Taɓa"

Daga saman tsani, mai gyaran fanka yana kallon baƙon da aka ɗauko ya haɗa wa ofis shafin intanet. Siriri ne mai sanƙo, tabaransa ɗaure da zare. Ya sa kwamfuta ta leƙa tsohon rumbun bayanan ofis ta rubuto masa tsarin kowane jadawali, shi kuwa ya harɗe yana kurɓar shayi kamar wanda ya aiki ɗa kasuwa.

Ga sunayensu na zubowa: "ma'aikata", "sababbin ma'aikata", "sababbin ma'aikata na gaske". Na ƙarshe "kar a taɓa", kuma wayam yake.

"Wa ya ajiye wannan?" in ji baƙon.

"Haka muka tarar, malam," in ji sakatariyar ofis.

Yatsan baƙon na shawagi kan maɓallin gogewa. Ya yi bismilla, ya fasa, ya share gumi. Da gani, irin mutanen nan ne da har yau suke yawo da makullin gidan da aka rushe.

Mai gyara ya ƙyalƙyale da dariya har tsani na rawa. Sai ya dubi jar wayar da ya tarar a silin, wadda ba ta zuwa ko'ina. Salin-alin ya mayar da filayar da ya zaro don yanke ta aljihu.