Gashin Tattabarar Malam Abdulƙadir

Shekara goma sha ɗaya, duk safiya in Malam Abdulƙadir ya fito daga sallar asuba sai ya duƙa ya tsinci gashin da tattabarun Haramin Makka suka zubar. Bai taɓa fige ko ɗaya ba. Da shi yake ɗibar garin wannan fure ya shafa wa wancan, yadda ake barbarar dabino, ya ɗaure da zare daga tsohon zanen matarsa Ramlatu.

Mai lambu ne a gidan wani attajiri da ke da gidan hutu a Ɗa'ifa. Duk furen da aka hau da shi daga Makka, sanyin dutse kan kashe shi. Abdulƙadir ya lura da wani ɗan furen daji da ke tsirowa a tsagin duwatsun can, sanyi bai dame shi ba. Ya sauko da shi Jarwal, unguwarsu a Makka, ya haɗa shi da jan furen lambu a gwangwanaye. Maƙwabta har tsokanarsa suke: "Ya ammi, baffanmu, yau ma ɗaurin aure?" Sau shida irin yana mutuwa. Na bakwai ya kwana cikin sanyin Ɗa'ifa, ya wayi gari ja wur.

To ga abin da ke ci mini rai. Baƙi suka tambayi attajirin inda ya samo, ya buɗe baki ya ce daga Sham aka kawo masa! Abdulƙadir na tsaye da tulun ban ruwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Yau duk Ɗa'ifa "ɗan Sham" ake ce wa furen da aka haifa a gwangwanin Jarwal.

Bara idonsa ya raunana, aka sallame shi. Bana irin ya fara lalacewa, sabon mai lambu ya zo roƙo. Ramlatu ta ce, "Su aika Sham mana!" Shi kuwa ya miƙa gashin tattabarar, ya kama hannun mutumin ya koya masa. "Furen bai yi mini laifi ba," in ji shi.

Kai ne mai shuka a gonar wani, Malam. Mun gode, Allah ya saka. Masu sana'a, ku koyi wannan haƙuri. Sauranmu kuwa, duk wanda ya ji an ce "ɗan Sham", ya gyara wa mai faɗa: sunansa ɗan Abdulƙadir.