Da Na Bari Ka Yanke Zaren, Verlon

Wanda ya ba da rai ya karɓi abinsa. Ranar Alhamis, ashirin ga watan Fabrairu, da misalin ƙarfe goma na safe, Verlon Tidmore ya cika a asibitin gundumarmu a nan arewacin Alabama, yana da shekara saba'in da ɗaya. Ya bar matarsa Ozella, da 'ya'ya uku, da jikoki bakwai, da wani tsohon kwale-kwale wanda ko kyauta aka ba mutum sai ya yi shawara. Ranar Asabar muka binne shi a bayan cocinmu, kusa da wansa Royce, mijina.

Ni ce Earline, matar wansa. A aji takwas karatuna ya tsaya, don haka wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya gyara a zuciyarsa. Tun ranar da aka yi rasuwar nan mutane suke sallama a ƙofata da kwanukan abinci, suna cewa na yi jarumta, wai ni ce na riƙe Verlon a cikin ruwa. Na riƙe shi, gaskiya ne. Amma akwai abin da ya faru kafin riƙon, kuma faɗinsa na iya raba ni da Ozella, wadda shekara arba'in da tara ba mu taɓa kwana da fushin juna ba. Zan faɗa. Ku bari dai in fara da mutumin, don ya fi laifina girma.

Verlon, ranar da aka kawo ni gidanku kana ɗan shekara sha bakwai, siriri kamar sandar fatsa. Satin farko ka cusa mini tana a aljihun rigar zuwa coci. Ban gano ba sai da ana tsakiyar waƙa na sa hannu neman hankici. Washegari na zuba maka gishiri cokali uku a shayinka mai ƙanƙara, ka shanye tas kana kallona don kada in ji daɗi. Daga ranar muka ƙulla, shekara hamsin da huɗu ba wanda ya ce ya gaji.

Tun kuna samari kai da Royce kuka raina tana. Kun ce kama kifin bas, mai babban bakin nan, da tana aikin ragwaye ne. Ku sai jig, wato ƙugiyar nan mai kan darma da ake ɗaura wa gashin jelar barewa. A jefa ta ta nutse har ƙasa, a riƙa ɗan ɗaga ta tana tsalle kamar jatan lande, har mai babban bakin ya zo ya haɗiye. Da hannunka kake yin naka. A rumfar bayan gida kake narka darmar, ka zuba, ka ɗaure gashin da jan zare, tabarau a kan hanci, harshe a waje. Lokacin farauta duk wanda ya harbi barewa a gundumar nan ya san jelar taka ce. Har a akwatin wasiƙa ake cusa maka ita. Wata safiya Ozella ta zura hannu neman wasiƙar 'yarta, ta ciro jela da ɗanyen jini. Ihunta daga gidana na ji shi, kuma tsakaninmu akwai gonar masara guda.

Ban taɓa ganin ka sayar da ko ɗaya ba. In ka ga baƙo a bakin tafki ya dawo hannu rabbana, sai ka buɗe akwatinka ka ce ya zaɓa, ka kuma gaya masa inda zai jefa, kodayake inda kake gaya wa mutane ba nan ne kai kake jefawa ba, Allah ya yafe maka wannan. Duk Asabar da yamma ka kan soya kifi da garin masara, ka bi gidajen marasa lafiya da matan da mazansu suka mutu. Shekarar da guguwa ta kwashe rufin rabin garin nan, kwana tara ka yi da zarto a hannu kana sare itatuwan da suka faɗa wa mutane a tsakar gida, alhali naka rufin yana yoyo a kan gadon Ozella.

Da Royce ya rasu, shekara sha ɗaya ke nan, wata biyu na yi ban ɗaga labule ba. Kowa ya zo ya yi mini wa'azi ya tafi. Kai ba ka yi wa'azi ba. Wata safiya ka tsaya a ƙofar gida kana danna odar mota har karnukan maƙwabta suka haukace.

Ka ce, "Yaya Earline, fito! Kwale-kwalen yana ɗaga gindi tunda ba kowa a baya, kuma na duba duk garin nan ba mai nauyinki."

Da tsintsiya na fito zan maka maka. Ban san yadda aka yi na tsinci kaina a tsakiyar tafki da sandar fatsar Royce a hannu ba. Ranar na yi kuka, na kuma kama kifi huɗu, kai biyu, ban bar ka ka manta ba har ka mutu. Kai ka dawo da ni cikin mutane, Verlon. Ina so a san wannan.

Yanzu ga maganar. Kowa a nan ya san bayan Kirsimeti masunta kan tattara itatuwan da aka yi ado da su, a ɗaura musu bulo a nutsar a tafki, don kifin bas ya samu maɓoya. Wanda yake son manya sai ya jefa jig ɗinsa cikin rassan, kuma dole wata rana ta maƙale. Masu hankali yanke zaren suke yi su ɗaura wata. Amma 'yan gidan Tidmore ba sa yankewa. Dokar Royce ce tun daga ubansu: sai ka matsa da kwale-kwale har kan wurin, ka naɗe zaren, ka zura sandar cikin ruwa har bakinta ya bugi kan darmar ya tunkuɗe ta. Wanda ya yanke, shi zai fere kifin ranar duka, kuma a yi ta yi masa tsiya har Ista. Da Royce ya tafi, ni na gaji bakinsa.

Bara aka yi maka aikin zuciya, jiri ya riƙa ɗibarka in ka sunkuya. Ozella ta so ta sayar da kwale-kwalen. Da kyar ta haƙura, shi ma don ina ciki ne. Ta kama hannuna a ɗakin girkinta ta ce, "Yaya, amana na ba ki. Rigar ceton nan mai hana nutsewa a jikinsa nake son ta, ba a ƙarƙashin mazaunansa ba." Na ce ta kwantar da hankalinta, ai ko wanka zai yi sai da ita.

Ranar Asabar, sha biyar ga wata, wajen ƙarfe tara na safe, muna kan itatuwan da ka nutsar a bakin tsohon rafin da tafkin ya haɗiye. Sanyi har cikin haƙori, ruwan kuwa a kwance kamar faranti. Jig ɗinka ta maƙale. Ka ja dama, ka ja hagu, ka girgiza, ta ƙi. Na ga ka duba ruwan. Sai ka yi abin da ban taɓa ganin ka yi ba. Ka zaro wuƙa.

Da na yi shiru na ƙiftawar ido biyu, da yau kana rumfarka.

Na ce, "A'aha! Yau ga ranar da nake jira. Yanke, tsoho, yanke. Wanka Royce dai har ya mutu bai taɓa sa wa zare wuƙa ba. Bari in tanadi kujera in kalli firar kifi."

Ka juyo ka dube ni. Ka ce, "Ke dai bakinki ba ya tsufa." Kana dariya ka faɗa. Ka mayar da wuƙar kube. Ka durƙusa a bakin kwale-kwalen ka zura sandar, ba ta kai ba. Rigar ceton ta tokare maka hammata, sai ka zuge ta ka jefo mini a cinya. Ina riƙe da ita, Verlon. Rigar da aka ba ni amanarta tana kan cinyata, ni kuwa ina ta ƙyaƙyata dariya ina cewa saura kaɗan, ƙara miƙawa. Ka zura hannu har kafaɗa. Daga nan kanka ya yi ƙasa, sauran jikin ya bi.

Da ka taso na damƙi wuyan rigarka da hannu biyu, na danne cikina a bakin kwale-kwalen. Tsohuwa ce ni mai shekara saba'in da huɗu. Ban iya ɗago ka ba, ban kuma iya saki ba. Na yi ihu har muryata ta tsage. Leɓenka ya koma shuɗi, haƙoranka na kaɗawa, amma abin da ka tambaye ni shi ne, "Yaya, sandata ta tafi?" Wasu mutum biyu da ke can tsallake suka jiyo ni, suka zo suka fitar da kai. An ce kusan rubu'in awa ka yi a ruwan. Sanyin ya shiga huhu, zuciyar kuma dama ba ta da ƙarfin ɗauka.

A asibiti ka gaya wa Ozella wai wani jirgi ne ya wuce a guje, igiyar ruwansa ta kaɗa ka, wai rigar kuma a cikin ruwa ta zame. Ina tsaye a ƙafar gado ina jinka. Ba jirgin da ya wuce. Da ta fita neman kofi ka yafito ni.

Ka ce, "Sau ɗaya dai a rayuwarki, ki rufe bakin nan."

Na ce, "Verlon, ni ce na sa ka."

Ka ce, "Ke kika mayar mini da wuƙa? Ke kika zuge mini riga? Dubi gemuna fari fat. In na tashi za mu koma mu ciro jig ɗin, ke za ki fere kifin, don ke kika fara kuka."

Ba ka tashi ba.

Na so in rufe bakin kamar yadda ka ce, wallahi na so. Amma a wurin cin abincin bayan jana'iza Ozella ta miƙe a gaban jama'a, ta ɗaga hannuna sama, ta ce wannan hannun ne ya ara mata kwana biyar da mijinta har ta samu suka yi sallama. Mutane suka yi ta sharar hawaye. Ni kuwa na ture farantin wake da burodin masarar da ke gabana. Tun daga ranar ko jikokina ban ƙara tsokana ba, har suna tambayata ko ba ni da lafiya.

Ranar Litinin da safe na tsallaka gonar masara. Na same ta tana wanke kwanukan da za a mayar wa masu su. Na gaya mata komai: wuƙar, da maganata, da rigar a cinyata, da dariyar. Ba ta juyo ba. Ta gama ɗauraye kwanon da ke hannunta, ta goge shi, ta kife.

Ta ce, "Ya zaro wuƙar?"

Na ce ya zaro.

Ta ce, "Shekara arba'in da tara ina roƙonsa ya riƙa yanke zaren banzan nan. Ashe ranar ya ji maganata." Sannan ta ce, "Ke kuma kalma ɗaya kika yi, ta shafe tawa."

Na ce ta faɗi abin da take so in yi. Ta ce, "Kowa ya ji yabonki. Ki rubuta, kowa ya ji wannan ma." Ba ta raka ni ƙofa ba, abin da ba ta taɓa yi ba. To, ga shi na rubuta. Ka yafe mini, Verlon, na saɓa maka. Ƙaryarka ta alheri ce, amma ni aka bar wa ɗaukarta, kuma ta fi ƙarfina.

Ku mazan da kuka ɗauki akwatin gawarsa, kusan dukanku kuna da jig ɗinsa a kwale-kwalenku. In ta maƙale ku yanke. Darma ce da gashi. Wanda ya yi muku tsiya ku turo mini shi.

Ya Ubangiji, ka jiƙan bawanka Verlon Tidmore. Ka duba cikin da ya ciyar da rufin da ya gyara, ka duba yadda ya rufa wa wata tsohuwa mai dogon baki asiri alhali numfashinsa na ƙarewa, kai ma ka rufa masa nasa. Ka ba shi hutu inda ba sanyi. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yansa, Dwight da Glenda da Renita, da jikokinsa duka bakwai. Yanzu kun san abin da na yi, duk yadda kuka dube ni daidai ne. Allah ya ba ku haƙuri, ya sa ku gaji hannunsa na kyauta.

Ozella, ke ce ta ƙarshe don taki ta fi nauyi. Allah ya riƙe ki a ɗakin nan da ya yi miki faɗi. Ba na cewa ki yafe mini yau, ko bana. Ranar Lahadi ba zan zo bencinmu na uku a coci ba, kada ki rasa inda za ki sa idonki. Zan zauna can baya, kusa da ƙofa. In wata rana kin waiwayo, ina nan.

Earline Tidmore