Malam Hamadu da Idon Saniya

Ranar Laraba da hantsi, ina cikin duba idon wata tsohuwa a asibiti, ƙanwata ta kira ni ta ce Malam Hamadu ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na fita waje na yi kuka, can kuma na ji ina murmushi, domin ba a tuna mutumin nan sai da ɗokinsa.

Shi ya koya mana fizik a lise, wato makarantar sakandare, a Garuwa, kuma bai iya koyarwa a zaune ba. Ranar da na ce masa ni likita zan zama, ba ruwana da lissafin haske da nauyi, dariya ya yi ya ce, "Jinin da ke hawa kanka fa, me ke tura shi? Zuciya famfo ce, ido kuwa gilashi ne!"

Da bakina na kai maganar gida. Babana mahauci ne a unguwar Rumde Ajiya, ransa kuwa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce wanda ya mai da halittar Allah inji ya kama hanyar barin addini, saboda haka in ajiye boko, in zo in kama wuƙa.

Washegari sai ga Malam a rumfarmu, ya gai da Baba da Fillanci. "Jam na, Alhaji? Idon saniyar can nake so." Ya tsaga shi a hankali, ya zaro wani ɗan abu garai-garai kamar ɗigon ruwa, ya ɗora a kan jaridar da muke naɗe nama da ita. Nan take rubutun ya yi manya-manya! Mahauta suka watsar da ciniki suka yo kanmu.

"Subhanallah!" in ji Baba. "Shekara talatin ina fasa kai, ban taɓa ganin wannan ba!"

"Alhaji, fizik ɗin ke nan. Haske yana da ƙa'ida, ido yana bin ta. Wa ya kafa ƙa'idar?"

"Allah."

"To, ni aunawa kawai nake yi. Sanin yadda aka yi abu ba ya rage Wanda ya yi shi."

A nan Malam ya lura Baba yana nesanta takarda da fuskarsa. Ashe ya daɗe da daina karanta Alƙur'ani, kunya ta hana shi faɗa. Malam ya kai shi aka auna masa tabarau. Ranar Litinin Baba da kansa ya tashe ni zuwa makaranta, yana yi mini faɗan na makara.

Jiya aka yi addu'ar uku. Baba, wanda yanzu ƙafa ta ƙi, ya ce sai an kai shi. Ya zauna a ƙofar gidan, ya maƙala tabarau, ya karanta wa Malam izu guda da idonsa.

Allah ya jiƙan Malam Hamadu, ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa yadda ya haskaka mana ido. Allah ya ba iyalinsa haƙuri, ya raya abin da ya bari. Amin.