Jitar Kawu Anya

Kawu Anya mai aski ne, kuma ko sallama ka yi masa sai ya leƙa bayanka ya ga me ka ɓoye. Sunan ma daga bakinsa ya fito. Ka ce masa gari ya waye, sai ya ce, "Anya?" ya ɗaga labule.

Abu ɗaya ya yarda da shi a duniya: jar jitar lantarki da ke rataye a saman madubin shagonsa, wadda ya yi kiɗa da ita a otal-otal zamanin yana da suma. Duk wanda ya hau kujerarsa sai ya sha tarihinta, ga aska a maƙogwaro, ba halin gudu. Wai jitocin farko cikinsu fayau yake kamar ƙwarya, da an ƙara murya sai sifika ta kama kuka. Shi ne masu ƙera su suka dasa katako a tsakiya, suka bar gefe da gefe a rarake, da tsaga biyu masu lanƙwasa kamar wuyan agwagwa.

"Ta asali ta ƙare," in ji shi. "Yanzu sabuwa suke yi, su kankare fenti, su shafa mata tsufa, su sayar wa wawaye."

Da wuyan jitar ya fara karkacewa, surukinsa direba, mijin 'yarsa Auta, ya yi ta lallashi har Kawu ya bar shi ya kai ta gyara. Ta dawo tana sheƙi. Kawu ya jona ta, ya taɓa tsirkiya, sifika ta kurma ihu, har wanda ake wa aski ya fice da rabin kai.

Kawu ya kai hanci bakin tsagar ya shinshina.

"Ba tawa ba ce. Tawa ba ta taɓa yi mini kuka ba. Kuma tawa tana da wari."

"Baba, wallahi ita ce," in ji direba.

"Da ka rantse ma na ƙara tabbata. Wa ka sayar wa?"

Nan take ya ce kada direba ya ƙara taka masa gida. Auta ta zo ido jajir.

"Baba, a kan katako za ka kori mijina?"

"Katakon ya girme ki."

Sai ta tasa su gaba, shi da direba, har shagon mai gyara, wani lungu mai warin gam, jitoci marasa wuya jingine da bango. Kawu sai zare ido yake, yana neman inda aka ɓoye tasa. Mai gyara ya gama sauraro, ya sunkuya ƙarƙashin benci, ya ɗago wata leda da filaya, yana kau da hanci.

"Tsoho, waɗannan na zaƙulo daga cikinta. Na ɗauka ɓera ne ya mutu."

Tsofaffin safa ne, sun ƙandare kamar fata. Sai a lokacin Kawu ya tuna. Tun yana saurayi bai yarda katakon tsakiyar nan zai hana kuka ba, shi ya sa ya cusa safarsa a ramukan, ya manta.

Ya mayar da su da ɗan yatsa, ya jona jitar. Sifika ta yi tsit. Ya ja tsirkiya, sauti ya fito luf, irin na da.

"Akwai wata safa mai ratsin kore," ya ce, yana kallon ƙafar mai gyara.

"Baba!" Auta ta katse shi. "Haƙuri za ka ba mutum."

Kawu ya yi tari, ya goge jitar da hannun riga, ya dubi rufi, ya ce wa direba:

"Gobe ka zo shago. Ni da kaina zan gyara maka gemu."

Direba ya shafa maƙogwaronsa a hankali.

"Anya, Baba?"