Gurbin da Yaya Haruna Ya Bari a Raga

A wannan watan yayana Haruna yake cika shekara hamsin da rasuwa. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba, kuma da na ci gaba da yin shiru ba don jikokina ba. Tun da aka shiga hutun ƙwallo ba su da zance sai na cinikin 'yan wasa. Kowa da waya a hannu, wannan ya ce an sayar da wane, wancan ya ce ƙarya ne, musaya za a yi da shi. Suna musu suna dariya. Ni kuwa ina gefe ina tsince shinkafa, ba su san cewa irin wannan zancen ne ya fitar da wan kakarsu daga Jidda ba.

Mu uku iyayenmu suka haifa, duk a unguwar Ruwais ta Jidda: Yaya Haruna, ni, sai ƙanenmu Yusuf. Baba ya zo aikin hajji ta Sudan yana saurayi, bai koma ba, ya kafa tukubar tsire a bakin layinmu. Larabawa da 'yan'uwanmu kowa na zuwa, kuma duk labarin da ya shigo unguwa a nan yake fara sauka. Yaya shi ne mai tsaron gida na ɗaya daga cikin manyan kulob ɗin garin. A wancan zamani ƙwallo ba ta ciyar da mutum, sai dai kulob ya sama maka aiki. Shi gareji aka sama masa. Da safe yana ƙarƙashin mota, da la'asar yana cikin raga, ya dawo gida da yatsu a kumbure Umma ta gasa masa da ruwan ɗumi tana faɗa. Ban taɓa ganinsa a filin wasa ba, mata ba sa zuwa. A rediyo na san shi, da kuma ihun maƙwabta duk lokacin da ya kama ƙwallo.

Shi ya koya wa Yusuf tsaron gida. Ranar Juma'a da safe yakan kai shi bakin teku ya yi ta jefa masa ƙwallo a kan rairayi, su dawo kamar an birkiɗe su a gari. Lokacin da Yusuf ya shekara sha takwas ya fi shi tsawo, kuma babu ƙungiyar unguwa da ba ta san sunansa ba.

Kowace shekara kafin a buɗe kakar wasa, mutanen manyan kulob sukan zaga filayen unguwanni suna kallon matasa, daga baya kowane kulob ya bayyana waɗanda ya ɗauka. Kafin ranar bayyanawar, gari ba ya da aiki sai hasashe. A shekarar nan sunan gidanmu ya faɗa bakin mutane. Da farko aka ce an ga kocin su Yaya ya tsaya a bayan ragar Yusuf har aka tashi wasa. Wannan gaskiya ne, mutane da yawa sun gan shi. Bayan 'yan kwanaki zancen ya ƙara kai: koci yana son Yusuf, amma gurbin masu tsaron gida ya cika. Sai wani direba da ke zirga-zirgar gabas ya zo tukubar Baba ya rantse cewa wani kulob a Dammam yana neman mai tsaron gida, kuma zai bayar da ɗan gaba a madadinsa. Masu zama suka haɗa wannan da wancan, kafin a kira sallar isha'i sun gama ciniki: za a tura Haruna Dammam, a karɓi ɗan gaba, a sa Yusuf a gurbinsa. Wasu suka ce a'a, Haruna ya toshe maganar, ya ce muddin yana raye ƙanensa ba zai shiga ba. Wannan na ƙarshen shi ya fi yaɗuwa, domin ya fi daɗin faɗa.

Ina tunawa da yadda gidanmu ya koma. Babu wanda ya yi faɗa da wani. Ɗaki ɗaya suke kwana, faranti ɗaya suke ci, amma Yusuf ya daina ɗaga ido ya dubi Yaya. Ranar Juma'a ta zo ba su je bakin teku ba. Baba ya shiga korar masu zancen daga tukubarsa, sai suka koma shagon gahawar da ke kallonmu, inda muryarsu ta fi shigowa ta taga. Wata rana ana cin abinci Umma ta ajiye ludayi ta ce, “Ku biyun nan ni na haife ku, ba kulob ba. Halas, ya isa haka, ku ci abinci kamar mutane.” Suka ce to. Suka ci gaba da ci.

Na sha tambayar kaina me ya hana Yaya zuwa ya tambayi shugabannin kulob ɗin kai tsaye. Wanda ya san shi ba zai yi mamaki ba. Mutum ne mai kunya da girman rai, ba zai iya tsayawa gaban manya ya ce, “Da gaske ne kuna so ku rabu da ni?” ba. Kuma ina jin ya yarda da zancen ne saboda rabinsa abin da shi kansa ya riga ya sani ne: Yusuf ya kusa fin sa, gwiwarsa ta hagu kuma ta fara gardama.

Wata la'asar ina wanke-wanke a tsakar gida ya shigo da kayan gareji a jikinsa, ya zauna a bakin ƙofar kicin. Ya dubi hannuwansa, ya kira sunana.

“Hajara, na je wurinsu yau. Na ce su sake ni in tafi Dammam.”

Na ce, “Su suka ce ka tafi, Yaya?”

“Ni na roƙa. Ban ambaci Yusuf ba, ke ma kada ki ambata. Na ce aikin can ya fi. In ya ji don shi na yi, ba zai shiga ba, kin san halinsa.”

“Umma fa?”

“Shekara biyu ce, ko uku. Gwiwar nan ba za ta wuce haka ba. In dawo in zauna a bayan ragarsa ina yi masa ihu.”

Ya yi murmushi. Ni na kasa, na ci gaba da cuɗa tukunyar da ta riga ta fita.

Da labari ya fita, gari ya sake juya shi. Waɗanda jiya suka ce ya toshe ƙanensa, yau suka ce kwaɗayi ya ja shi, ya sayar da rigar da ta yi masa suna. Wasu da suka saba gaishe shi tun daga nesa suka riƙa sauya hanya. Bai kare kansa ba ko sau ɗaya. Ranar tafiya Yusuf ne ya ɗaukar masa jaka har tasha. Ya gaya mini daga baya cewa ba su yi wata magana ba. Da direba ya ce yalla, a shiga mota, Yaya ya dafa kafaɗarsa ya ce, “Ka daina fitowa da wuri in an ɗago ƙwallo daga dama.” Iyakar sallamar ke nan.

Bai isa Dammam ba. Bayan sun wuce Ɗa'if, can cikin sahara, motar ta yi karo da raƙumi daf da faɗuwar rana. Mutanen wani ƙaramin gari da ke kusa suka yi masa sutura suka binne shi tare da wani fasinja, saboda zafi bai bari a jira kowa ba. Mu muna gida muna zaton ya sauka lafiya. Sai da ɗan sanda ya zo yana tambayar gidan mai tsire muka sani. Umma ba ta ga gawarsa ba, kuma har ta bar duniya in an buga ƙofa da ƙarfi sai ta zabura.

Abin da ya fi zama mini a rai ya faru a zaman makoki. Shugabannin kulob sun zo ta'aziyya, aka zaunar da su a tabarma a ƙofar gida. Ina bayan labule ina miƙa gahawa. Wani dattijo a cikinsu, mutumin kirki, hawaye a idonsa, ya riƙe hannun Baba ya ce, “Wallahi baffa, mun roƙe shi ya zauna. Bana ko zancen mai tsaron gida ba mu yi ba, ɗan baya muke nema. Har yau ban gane abin da ya kore shi ba.” Ashe koci ya tsaya a bayan ragar Yusuf ne don daga nan ya fi ganin yaron da ke tsaron baya. Shi ke nan asalin maganar duka.

Yusuf yana zaune a wurin. Ban gaya masa komai ba, amma na ga lokacin da ya gane. Dattijon ya juya gare shi ya ce tunda yanzu raga ba kowa, in yana so ƙofa a buɗe take, gidan Haruna ya fi kowa cancanta. Yusuf ya ajiye kofin gahawarsa a hankali, ya tashi, ya shige gida ya wuce ni kamar bai gan ni ba. Daga ranar bai sake taɓa ƙwallo ba. Tasi ya koma ja, tsakanin gari da bakin tekun Abhur, har ƙarfinsa ya ƙare.

Na kan yi tunanin me Yaya zai ce da ya ga Jiddar yau. Fitilun sabon filin wasa ana hango su daga nesa, 'yan wasa suna zuwa daga ƙasashen da bai taɓa jin sunansu ba, jikata mace tana zuwa kallo da rigar kulob ɗinsa a jikinta. Wannan na san zai faranta masa. Zai so ya ga ciyawar da ake faɗuwa a kai, shi da ya gama rayuwarsa da gwiwa a goge. Amma ban san yadda zai ji da zancen ciniki ba. A zamaninmu jita-jita sai ta taka da ƙafa daga gahawa zuwa tukuba, duk da haka ta isa ta raba gida. Yanzu kafin yaro ya fito daga wanka duniya ta sayar da shi. Duk sunan da na ji ana jefawa, nakan tuna cewa yana da uwa, wataƙila yana da ƙane da suke kwana ɗaki ɗaya, kuma wani a gidansu yana ji ta taga. Ban ce wa jikokina su daina ba. Su nishaɗi suke yi, kamar yadda mutanen gahawar nan ma nishaɗi suke yi. Babu ɗayansu da ya nufe mu da sharri, shi ya sa ban taɓa samun wanda zan yi fushi da shi ba.

Bara Yusuf ya zo gidana a unguwar Waziriyya, yana dogara sanda, ya ce ɗansa zai tuƙa mu mu je garin da aka binne Yaya. A duk shekarun da ya yi yana tuƙi bai taɓa bin wannan hanya ba. Muka tafi. Garin ya girma, har da gidan mai da masallaci babba. Wani tsoho ya nuna mana tsohuwar maƙabarta. Kaburbura a nan ba a rubuta musu suna, duwatsu ne kawai a jere, don haka ba wanda zai iya cewa ga nasa. Na zauna a mota ina addu'a, Yusuf ya shiga shi kaɗai. Ina hango farar sumarsa ta saman katanga, yana tsaye a tsakiya domin bai san inda zai fuskanta ba.

In na auna abin da ya rage na Yaya Haruna, ba shi da yawa. Bai yi aure ba, bai bar ɗa ba. Waɗanda suka yi ihun sunansa yawanci sun bi shi, gidanmu na Ruwais an rushe shi tuntuni. Abin da ya yi ma bai kai inda ya nufa ba: ya bar gurbi, wanda ya bar wa bai shiga ba. Na yi shekaru ina ganin asara ce tsantsa, wani lokaci har yanzu haka nake gani. Sai dai na rayu na ga mutane iri-iri, ban ga wanda ya yarda gari ya kira shi makwaɗaici don ƙanensa ya shiga wuri da kai a ɗage ba, in ba shi ba. Labarin da ya ji ƙarya ne. Abin da ya yi a kansa kuwa nasa ne, kuma ni shaida ce.

Da Yusuf ya dawo mota ya zauna a gaba, bai juyo ba. Mun yi nisa kafin na tambaye shi abin da ya ce.

“Na yi masa addu'a,” in ji shi. “Na kuma gaya masa ban shiga ba.”

Na ce, “Da yana nan zai yi maka faɗa.”

Ya ce, “Na sani, Yaya Hajara. Na tsaya na jira.”

Allah ya jiƙan Haruna ɗan mai tsire, ya haskaka kabarinsa, ko wanne ne a cikinsu.