Yadda Iya Ta Karɓi Yafiyar Bashin Gidanmu da Kunnenta

Ko zan tsufa har haƙorana su zube in koma shan kunu safe da yamma, ba na jin zan manta da shekarar da aka sayar da gidanmu na garin Ƙofa. Idan mutane suka ji an sayar wa wani gida saboda bashi, sai su sassauta murya su fara jaje. Ni kuwa duk sanda na tuna, dariya ce take fara zuwa mini, sai can daga baya ƙwalla ta biyo.

Lokacin ina ƙaramar sakandare. Babanmu manomin rani ne, tumatir yake yi a wajen Tiga. Ya karɓi rance a ƙungiyar manoman garinmu, irin wadda kowa yake zuba ɗan abin da ya samu ana ba mai buƙata lamuni. Ya sayi injin ban ruwa da taki, ya kama hayar fili, ya ba da gidanmu jingina. Shekarar farko tsutsa ta shiga gonar. Ni na ga tsutsar nan da idona, ta ci ganye, ta ci 'ya'ya, kuma da Baba ya ƙara jimawa a tsaye a wurin da ta haɗa da takalminsa. Shekara ta biyu tumatir ya yi kyau, amma na kowa ma ya yi kyau, farashi ya faɗi har kuɗin mota ya fi kuɗin kayan da ke cikinta. Damina kuma ta zo ta kwantar mana da ɗakuna biyu na baya.

Da lokacin biya ya wuce, Baba ya daina bin hanyar kasuwa. Ta bayan gari yake zagawa zuwa masallaci, kamar mai neman ɓatacciyar tunkiya. A ƙarshe ya yarda a sayar da gidan. Dillali ya yi ta kawo mutane, kowa ya leƙa ɗakunan da suka rushe ya taya abin da ko kejin kaji ba zai saya ba, har aka samu wani malamin makaranta da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa garinmu. Shi ya yi tayi na mutunci, amma duk da haka kuɗin bai kai bashin ba. Kwamitin ƙungiya ya zauna, ya yanke cewa a sayar a haka, a ba su abin da aka samu, su yafe ragowar. Sai dai malamin ya ce kafin a dawo daga hutu yake son gidan, in ba haka ba zai nemi wani. Idan kuwa ya janye, magana za ta tafi kotu, a yi gwanjon gidan a wulaƙance, ragowar bashin kuma ta zauna a wuyan Baba.

Kawunmu, wanda rediyo ba ta barin kafaɗarsa, ya so ya ɓata mana murna. Ya ce ya ji a ƙasashen Turawa idan aka yafe wa mutum bashi, sai hukuma ta ce ai riba ya ci, ta nemi haraji a kai, sai in an yi masa sassauci na musamman. Baba ya tafi wurin sakataren ƙungiya da gumi a goshi, sakatare ya yi dariya ya ce babu wanda zai biyo shi da wannan. Muka ce shi ke nan, an gama. Ashe mun manta da Iya.

Iya ita ce kakata, mahaifiyar Baba. Gidan na gado ne, tana da tumuninta a ciki, don haka mai saye ya ce sai ta dangwala yatsa a takardar ciniki. Kunnenta na dama ya yi ritaya tun kafin a haife ni, na hagun kuma sai ya ga dama yake zuwa aiki. Ni ce nake yi mata tafinta, domin a gidanmu babu mai maƙogwaro irin nawa. Na tsuguna na kwarara mata bayani, cewa za a sayar, kuma an yafe ragowar.

"Wa ya yafe?" in ji ta.

Na ce ƙungiya.

"Ɗan gidan wa ne ƙungiya? A wace unguwa yake?"

Baba ya miƙo takardar yafiyar mai hatimin ƙungiya. Iya ta juya ta gaba da baya, ta shinshina, ta miƙa masa abarsa. Ta ce ranar da aka shimfiɗe shi a gaban liman aka tambayi masu binsa bashi, wannan takardar ba za ta miƙe ta yi magana ba. Kuɗin nan na mutane ne, kowa da guminsa a ciki, kuma 'yan kwamiti ba su da ikon yafe haƙƙin wanda ba su tambaya ba. Ita ba ta hana a sayar da gida ba, ƙasa ce da itace. Amma ba za ta bar ɗanta ya fita daga gida ya kuma fita da haƙƙin jama'a a kansa ba. Ta naɗe hannunta a cikin mayafi, kamar yatsan zai gudu ya dangwala da kansa.

Aka aiko ciyaman ɗin ƙungiya, mutum mai tumbi da ladabi. Ya tsuguna ya gaishe ta, ya yi bayanin dokokin ƙungiya har ƙafarsa ta yi sanyi, ni kuma ina juyewa a kunnen hagu. Da ya gama Iya ta sa masa albarka, ta tambaye shi ko shi ya yafe nasa. Ya ce ya yafe. Ta ce madalla, saura na sauran.

Kwanaki suna ta tafiya, malamin makaranta ya fara aiko dillali da maganganu masu kama da sallama. Umma ta roƙi Iya har da kuka. Baba kuwa abin da yake tsoro daban ne. Taron wata-wata na ƙungiya ya kusa, kuma ya san abin da Iya take nufi shi ne ya tsaya a gaban duk mutanen da ya shekara yana kauce wa. Ya ce mata, murya ƙasa-ƙasa, ba zai iya ba. Wannan kam ba sai na yi tafinta ba, a fuskarsa ta karanta. Ta ce ai ba shi zai yi magana ba, shi dai ya sa riga mai kyau ya biyo ta.

Ranar taro aka cika aji guda na makarantar firamare, har da na tsaye a bakin taga. Manyan mutane sun matse a bencin yara, gwiwoyinsu na taɓa haɓarsu. Mata masu turara shinkafa suna gefe guda. Na shigo riƙe da hannun Iya, Baba na bayanmu yana ƙirga tururuwar ƙasa. Ciyaman ya yi bayani, sannan ya tambayi jama'a ko sun yafe wa bawan Allah nan ragowar bashinsa. Aka amsa gaba ɗaya har kwanon rufi ya yi ƙara. Na sunkuya na ce wa Iya kowa ya yafe, har da masu tallan gyaɗa na waje.

Iya ta dube ni sama da ƙasa, ta juya ga jama'a. Da yake ba ta jin muryar kanta, duk maganarta shela ce.

"Wannan yarinyar ce ta ce mini ta ga kada a Tiga mai tsawon tirela. Ba na karɓar shaidarta. Kowa ya zo ya faɗa mini da bakinsa."

Ajin ya fashe da dariya, ni kuwa na so ƙasa ta tsage. Kadan nan fa na gan shi, sai dai wataƙila tirelar ƙarama ce.

Aka ajiye mata kujerar malami, aka yi layi. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Dattawa masu furfura, waɗanda ko tari suka yi muke watsewa, kowa ya zo ya rage tsawo ya kwarara "Na yafe" a kunnen tsohuwa. Wanda ya yi a hankali ta ce ya sake, bai ci abinci ba ne? Wani dattijon Bafulatani da yake zuwa tun daga wajen Falgore ya faɗa da Fulatanci, ta ce ya maimaita da Hausa. Ya ce, "Iya, ai Allah yana jin Fulatanci." Ta ce ta sani, ita ce ba ta ji. Matan kuwa da suka zo, wasu sun kasa ɗaga murya, sai su riƙe hannunta kawai, ita ma ba ta matsa musu ba.

Abin da na fi lura da shi Baba ne. Duk wanda ya bar kunnen Iya sai ya miƙa masa hannu. Wannan ya ce shi ma tsutsar ta gama da shi, wancan ya ce ai da ya yi magana tun da wuri. Tun kansa na sunkuye har ya fara ɗagowa, kafin layi ya kai rabi na ga yana amsa gaisuwa da murya irin tasa ta da.

Layi ya ƙare, saura mutum ɗaya zaune a benci ya harɗe hannu. Telan bakin kasuwa ne. Ya ce shi ba zai yi ƙarya a gaban tsohuwa ba, bai yafe ba. Shekara da shekaru yana zuba kuɗi don ya sayi keken ɗinki mai aikin wuya, kuma duk asarar da aka yafe, a jikin irinsu take fita. Wasu suka fara yi masa tsawa, ciyaman ya ce ai doka ta riga ta yanke, rinjaye ake bi. Na faɗa wa Iya abin da ake ciki, alhali na san in ta tashi ba ta dangwala ba, gida ya tafi gwanjo.

Sai ta ɗaga hannu ta ce a ƙyale shi. "Haƙƙinsa ne. Irinsa na zo nema, da ana bin takarda da ba mu san da shi ba." Ta sa sakatare ya fitar da rabon tela a cikin abin da aka yafe. Sakatare ya danna waya, ya ce bai wuce kuɗin akuya matsakaiciya ba. Kowa ya dubi Baba, alhali kowa ya san ko kuɗin kaza babu a aljihunsa.

Ban san sanda bakina ya buɗe ba. Na ce ina da akuya, tawa ce ta kaina, a ba shi. Amma na ce tsakani da Allah sai na faɗa masa halinta: tana buɗe ƙofa da ƙaho, tana hawa katanga, ta taɓa cinye mini littafin lissafi har da bango, kuma in ta ga tufafi a kan igiya sai ta ɗanɗana. Aka yi ta dariya. Tela ya ce ai yanzu aka gama ba da labarin kadan da na gani, ya san ina ƙara gishiri, ya karɓa. Ya zo kunnen Iya zai ce ya yafe, ta dakatar da shi, ta ce shi ba yafewa ya yi ba, ya ce an biya shi. Haka ya faɗa, da ƙarfi, a gaban kowa. Sannan Iya ta zaro hannunta daga mayafi, ta dangwala yatsa a takardar ciniki, ta goge tawadar a gefen hijabina.

Muka koma wani ɗan gidan haya mai ɗaki biyu a bakin gari. Ranar da muka kwashe kaya Umma ta yi kuka, ni ma na yi, ba zan ɓoye ba. Amma a wannan gidan na fara ganin Baba ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari. Ya koma aiki a gonar wani, kuma ta tsakiyar kasuwa yake wucewa, yana tsayawa gaisawa har Umma ta fara ƙorafin cefane yana makara.

Ba a yi mako ba, wata safiya muka ji sallama haɗe da kukan akuya. Tela ne, hularsa a karkace, yana jan igiya ita kuma tana jan sa. Ta cinye hannun rigar shaddar wani ango, ta haɗiye rabin tef ɗin awo, ta kuma gama da kuɓewar da matarsa ta shanya. Ko zama bai yi ba. Ya wuce wurin Iya, ya sunkuya daidai kunnen hagu, ya ce, "Na yafe, Iya. Duniya da lahira na yafe. Ku riƙe abarku." Iya ta ce ba ta ji ba. Ni na san ta ji, domin na ga gefen bakinta yana motsi. Sai da ya faɗa har maƙwabta suka leƙo, sannan ta sa masa albarka, ta ce in kawo masa kunu.

Yanzu na kusa gama sakandare, kuma har yau a gidan haya muke. Idan na bi ta ƙofar tsohon gidanmu na ga 'ya'yan malamin suna wasa, zuciyata takan ɗan motsa. Amma abin da na koya a ajin nan ya fi wanda aka koya mini a kowane aji. Idan bashi ya fi ƙarfin mutum, ɓuya ba ta rage ko sisi, sai ma ta ƙara masa nauyi. Ya je ya tsaya a gaban masu haƙƙi, ya miƙa abin da yake da shi, ya roƙi yafiyar abin da ya gagara, wanda ya ƙi kuma kada a ga laifinsa. Mun rasa gida, amma a duk faɗin Ƙofa babu ƙofar da Babana yake sauri idan ya zo wucewa.